Neman Haƙori Biyu a Hanyar Abaji

Mai zuwa Abaji daga Zariya yakan sauka a Zuba, inda ƙamshin lemo da abarba na kasuwar 'ya'yan itace ke cakuɗe da hayaƙin manyan motoci, sannan ya nemi motar da za ta yi kudu. Hanyar ba ta shiga cikin birnin Abuja ko kaɗan. Tana ratsa Giri, ta faɗa cunkoson Gwagwalada, ta fita ta nufi Kwali, garin Ladi Kwali maginiyar tukwane wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Da an wuce Kwali sai gine-gine su ragu, gonakin doya su mamaye ido, kunyoyi a jere har gindin duwatsu. Yangoji, Kwaita, ƙauyuka masu tulin doya da buhunan gawayi a bakin titi. A takarda duk wannan Babban Birnin Tarayya ne, amma wanda ya san Maitama kaɗai ba zai yarda ba.

Wannan ita ce hanyar Abuja zuwa Lakwaja, wadda ke ɗauke da yawancin abin da ke tafiya tsakanin Arewa da Kudu ta wannan ɓangare. Tun 2006 aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye. Tirela da tanka da doguwar bas ba sa yanke mata dare da rana, kuma a gefensu, a ɗan siririn wurin da ya rage, 'yan acaba ke neman abincinsu. Ɗaya daga cikinsu na zo gani.

Yayata ce ta aiko ni. Ɗanta na fari ya jima a Abaji yana acaba, yana zaune a gidan wani dattijo ɗan garinmu mai fataucin doya. A daminar da ta gabata wata mota ta kauce wa rami ta goge shi, ya faɗi ta fuska. Allah ya kiyaye, bai karye ba, amma haƙoransa biyu na gaba na sama suka fita. Raunin leɓe ya warke, giɓi ya zauna. Ga maganar aure ta taso. Yaya ta ce mini: “Kai ne ka yi boko. An ce yanzu ana dasa haƙori kamar na Allah. Ka je ka gano mini gaskiyar abin, kada yaron nan ya sayar da babur ɗinsa a banza.”

Na sauka Abaji da la'asar sakaliya. Gari ne na matafiya, nan direbobi da yawa ke tsayawa su ci abinci su yi salla kafin su tunkari Koton Karfe da gadar Jamata. Daga nan kuma wata hanya ta ɓalle gabas zuwa Toto ta jihar Nasarawa. Kafin a yanki Babban Birnin Tarayya a 1976, Abaji tana cikin tsohuwar jihar Kwara. Sarkin garin Ona ake kiransa, kuma mai riƙe da sarautar, Alhaji Adamu Baba Yunusa, shi ne shugaban majalisar sarakunan Babban Birnin. A kasuwa za ka ji Egbura da Ganagana da Bassa da Gbagyi da Fulatanci, amma idan ciniki ya kai ga yanke farashi, sau da yawa da Hausa ake yi. A wajen gari akwai kamfanin ruwan gora na Nestlé da aka buɗe a 2016.

Yaron ya tarye ni a tasha sanye da takunkumin hanci irin na lokacin korona. Na ɗauka saboda ƙura ne, sai da muka isa gida ya zauna bai cire ba. Da na ce ya cire, ya cire, amma hannunsa ya koma bakin nan da nan. Na san shi tun yana goye, yaro ne mai yawan dariya. Yanzu murmushi yake da leɓe a rufe. Da dare ya gaya mini abin da bai gaya wa uwarsa ba.

“Kawu, ba kunyar yarinyar ce ta fi damuna ba. A da idan liman bai zo ba ni ke jan salla a masallacin tasha. Yanzu na daina shiga gaba. Haruffa ba sa fita.”

Wanda ya yi karatun tajwidi zai gane nan take. Harafin fa yana fita ne idan cikin leɓen ƙasa ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama. Zal da sa mai ɗigo uku kuwa, kan harshe ne ke taɓa bakin waɗannan haƙoran. Su ne fa ya rasa. Mutanenmu kan ɗauki giɓi abin zolaya, a yi wa mai shi waƙa tun yana yaro lokacin famfara, har wawulo ya zama sunan tsokana. Ban taɓa tunanin giɓi zai iya janye mutum daga sahun gaba ba sai a daren nan.

Mai gidan nasa, Alhaji, dattijo ne mai fara'a da ya haura sittin da biyar. Idan ya yi dariya haƙorin Makka ne ke fara bayyana, na azurfa, wanda aka sa masa a hajjinsa na fari. Da aka kawo tuwo na lura ya tsame naman miyarsa ya miƙa wa jikoki. Bayan an ci, ya zaro ɗan magogi daga aljihu, ya goge goro a tafin hannu, ya watsa a baki. Ya ga ina kallo, sai ya ce: “Malam, turamen sun tafi. Rabona da tsire har na manta. Idan za ku wajen masu dashen nan, da ni za a je. Ni ina da abin biya.”

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma cikin waɗanda suka kai shekara 60, kusan kashi 23 cikin 100 ba su da haƙori ko ɗaya. A wajenmu ba a lissafa wannan a matsayin ciwo. Tsufa ake cewa. Sai dattijo ya bar nama da gyaɗa da ɗanyen ganye, ya koma kunu da tuwo mai laushi da shayi mai sukari, yana ramewa a hankali, iyali suna cewa shekaru ne.

Aikin dashe ba a kowane asibiti ake yinsa ba. Yana buƙatar likitan da ya koye shi musamman, da na'urar hoton ƙashi, da ɗakin haɗa haƙori. Daga Abaji, babban asibiti mafi kusa da ake tura masu raunin muƙamuƙi shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, tafiyar kusan sa'a guda idan hanya ta yi kyau. Sauran masu wannan aiki sun fi taruwa a cikin birni, a Wuse da Garki da Maitama, fiye da kilomita 100 daga inda muke zaune. Wannan nisa yana da tarihi. Makarantar likitan haƙori ta farko a ƙasar nan a Legas aka buɗe ta a 1966. Arewa ba ta samu nata ba sai da aka shiga shekarun 2000, a Maiduguri da Kano. Kuma waɗanda suka gama, kaɗan ne ke zama a ƙaramin gari.

Muka yi sammako mu uku bayan sallar asuba. Muka bi ta Gwagwalada, muka hau hanyar filin jirgi, muka ratsa Lugbe cikin jerin motocin ma'aikata, har muka shiga ƙofar birni. Asibitin da aka kwatanta mana na kuɗi ne, a hawa na biyu na wani bene. Likitar mace ce, haifaffiyar Jos, Hausarta ras. Ta gaida Alhaji da “Baba, sannu da hanya,” ta sa aka kawo masa kujera mai hannu, sannan ta juya ga yaron.

Kafin ta duba bakinsa sai ta ɗauko wani abu daga akwatin gilashi ta ɗora mini a tafin hannu. 'Yar ƙusa ce mai murɗi, launin toka, tsawonta bai kai gaɓar ɗan yatsa ba. Ƙarfen titaniyom ne. Ita ce ke zama a madadin saiwar haƙori. Ana yi wa mutum allurar kashe zafi, a buɗe dasashi, a huda ƙashin muƙamuƙi a hankali ana zuba ruwa don kada ƙashin ya yi zafi ya mutu, a murɗa ƙusar ciki, a rufe. Sai a jira wata 3 zuwa 6, muƙamuƙin sama ya fi ɗaukar lokaci domin ƙashinsa bai kai na ƙasa tauri ba. Idan ta kama, sai a ɗaura mata ɗan wuya, a kan wuyan kuma a ɗora haƙorin tangaran da aka gasa aka yi wa launi daidai da na maƙwabtansa.

Abin mamakin yana cikin jiran nan. Jikin mutum yakan yi faɗa da baƙon abu, ya kewaye shi da tsoka ko ya tara masa ruwa har ya fitar da shi. Titaniyom kuwa, ƙashi yana tsirowa ya manne da shi kai tsaye. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ya lura da haka a 1952 a garin Lund, kuma ba haƙori yake nema ba. Gudun jini a cikin ƙashi yake nazari, ya dasa ɗan bututun titaniyom a ƙafar zomo don ya riƙa leƙawa. Da ya gama ya zo cirewa, bututu ya ƙi fita, ya zama ɗaya da ƙashi. Ya shafe shekaru yana gwaji kafin ya taɓa ɗan'adam. A 1965 ya dasa wa wani mutum mai suna Gosta Larsson ƙusoshi huɗu a muƙamuƙin ƙasa, kuma mutumin ya ci abinci da su har rasuwarsa a 2006, shekara 40 da ɗoriya. Likitocin haƙori sun daɗe suna shakkar aikin, sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982 duniya ta karɓe shi. A yau, idan an yi shi a bakin da ya dace kuma aka kula, fiye da 9 cikin 10 na dashen suna kai shekara 10 suna aiki. Saboda haka amsar tambayar Yaya ta farko ita ce: gaskiya ne, ba damfara ba ce.

Aka ɗauki hoton bakin yaron da na'urar da ke zagaya kai, hoton ya fito a kwamfuta ana juya shi ta kowace fuska. Likita ta daɗe tana kallo. Ta nuna mana inda haƙoran suke a da. A gefe, inda haƙora ke nan, ƙashin yana da kauri. A wurin giɓin ya zama siriri, ya lotsa ciki.

Nan na ji abin da ban taɓa ji ba, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan labari. Ƙashin da ke riƙe haƙori saboda haƙorin yake raye. Tauna ce ke motsa shi. Ranar da haƙori ya fita, ƙashin ya fara janyewa, kuma mafi yawan abin da zai tafi a watannin farko yake tafiya. Cikin shekara guda faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi, musamman a gaba inda bangonsa na waje ba shi da kauri tun asali. Turke ba ya kama a ƙasar da zaizaya ta cinye. Mai kuɗi idan ya rasa haƙori yau, cikin makonni an duba shi, an cike ramin da abin da zai rage zaizayar, ko ma an dasa. Talaka kuwa zai ce bari in tara. Yana tarawa ƙashi yana tafiya, ranar da ya zo da abin da ya tara sai a ce masa aikin ya zama biyu: a fara gina ƙashi, a jira watanni, sannan a dasa. Jinkirin da rashi ya jawo masa shi ne kuma ke ƙara masa farashi. Babu wanda ya gaya wa yaron nan haka ranar da aka ɗinke masa leɓe.

Alhaji ne ya tambayi da me ake gina ƙashin. Likita ta ce wani lokaci ana ɗebo kaɗan daga muƙamuƙin mutum kansa, wani lokaci garin ƙashin saniya ne da aka sarrafa, akwai kuma wanda aka haɗa a masana'anta ba daga dabba ba. Sai ta ƙara da abin da ba mu tambaya ba, wanda ya sa na ƙara ganin girmanta. Ta ce 'yar fatar da ake rufe garin da ita, da yawa daga cikin na kasuwa daga alade ake samo su, don haka tana gaya wa duk Musulmin da ya zo, kuma akwai wasu da ba na alade ba ga wanda ya nema. Duk mai shirin wannan aiki ya kamata ya yi wannan tambaya da bakinsa. Shi kansa sa ƙarfe a jiki don gyaran abin da ya lalace, malamai sun daɗe da magana a kai. Sukan kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya.

Sai maganar kuɗi. Dashen haƙori ɗaya a Abuja dubban ɗaruruwan naira ne, a wasu wuraren ya haura miliyan, ban da gina ƙashi. Ƙusar da wuyanta da garin ƙashin duk daga waje ake shigo da su da dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 farashinsu ya bi ta. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, ma'aikaci na ƙasa zai iya shafe shekara bai taɓa albashinsa ba kafin ya haɗa kuɗin haƙori ɗaya. Yaron ya yi shiru yana lissafi da yatsu a kan gwiwa. Na san abin da yake lissafawa: babur.

Likita ta katse shi da wata tambaya. “Ƙanena, haƙoran da suka fita, karyewa suka yi ko fita suka yi gaba ɗaya?”

Ya ce ɗaya ya farfashe. Ɗayan kuwa wani abokin sana'arsa ya tsinto shi a kan kwalta, cikakke har saiwa, ya naɗe masa a takarda. Ya kwana biyu a aljihunsa, sannan ya binne shi a bayan gida.

Ta ajiye alƙalaminta. Ta ce da an san abin yi, da wataƙila wannan haƙorin yana bakinsa yanzu. Haƙorin babba idan ya fita cikakke ana iya mayar da shi ya kama. A jikin saiwar akwai wasu ƙananan zaruruwa masu rai waɗanda ke ɗaure ta da ƙashi, kuma bushewa ce ke kashe su. Idan suka yi kamar sa'a guda a bushe, yawancinsu sun mutu. Abin yi shi ne a ɗauki haƙorin ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. Idan ya yi ƙasa a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi raminsa nan take, mutum ya ciji hankici ya riƙe, a nufi likitan haƙori. Idan an kasa mayarwa, a tsoma shi cikin madara sabuwa, ba nono mai tsami ba, ko mutum ya tofa yawunsa a ɗan mazubi ya saka shi ciki. Likita zai ɗaure shi da siririyar waya a jikin maƙwabtansa na 'yan makonni, daga baya a yi wa saiwar aiki.

Wannan bayani ba ya cin ko sisi. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da kowa ba, da yadda ilimin da bai fi minti biyu a faɗe shi ba ya tsaya a hawa na biyu na wani bene a birni, alhali inda ake zubar da haƙora kullum shi ne bakin titin Lakwaja. Muna da shirye-shiryen lafiya a rediyo, muna da masu wa'azi a tasha, muna da ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaba masu taro da shugabanni. A cikin waɗanda suka taru a kan yaron ranar nan, da mutum ɗaya ya taɓa jin wannan, da rabin matsalarsa bai taso ba.

Da aka zo kan Alhaji sai lissafi ya juya. Shi da ya zo da kuɗinsa a shirye, likita ta duba bakinsa ta ce ba za ta dasa masa komai yanzu ba. Dasashinsa ya kumbura, yana jini da an taɓa, haƙoran da suka rage wasu suna girgiɗi, tsatsa ta taru a gindinsu. Ta tambaye shi ko yana yawan fitsari da dare, ko yana yawan jin ƙishi. Ya ce ai wannan ya daɗe. Aka ɗiga jininsa a 'yar na'ura, sukari ya hau sosai. Bai taɓa sani ba.

Ta yi masa bayani cikin ladabi. Ciwon dasashi shi ne babban mai zubar da haƙoran manya, kuma shi da ciwon sukari suna ƙarfafa juna: sukari yana hana rauni warkewa, kumburin dasashi kuma yana wahalar da saukar sukari. Ƙwayoyin cutar da suka cinye ƙashin da ke riƙe haƙoransa na asali, su ne za su cinye wanda zai riƙe ƙusar. Haƙorin dashe ba ya kogo, amma ƙashin da ke kewaye da shi yana ruɓewa idan ba a tsabtace shi, kuma mai shan taba sigari ya fi kowa shiga wannan hatsari.

“Yanzu, 'yata, kuɗin nawa ba su da amfani ke nan?”

“Suna da amfani, Baba. Amma likitan sukari za su fara zuwa wurinsa.”

Ta tsara masa abin da za a yi: ya fara ganin likitan sukari, a wanke masa tsatsar haƙora, a cire waɗanda ba su da sauran rai, a ceci waɗanda za su cetu. Ta ce ba dole sai mutum yana da 32 zai ci abinci ba. Masana sun daɗe da nuna cewa haƙora 20 masu lafiya, idan na sama da na ƙasa suna haɗuwa, sun isa tauna, har ƙasar Japan ta mayar da wannan manufa tun 1989: mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20. Idan kuma ƙasan bakinsa ya ƙare gaba ɗaya wata rana, ƙusa biyu kacal sun isa su riƙe haƙoran roba su hana su rawa, ba sai an dasa goma ba. Na ji daɗin wannan magana. Akwai wanda da ya ga dattijo da kuɗi a aljihu ba zai tsaya gwada jini ba.

Yaron fa? Hanyoyi uku ta shimfiɗa masa. Dashe, bayan gina ƙashi. Ko gada, wato a fiƙe lafiyayyun haƙoran da ke gefen giɓin a rataya sababbi a jikinsu, abin da ta ce ba ta so ga mai ƙuruciya irin tasa, domin haƙorin da aka fiƙe ba ya dawowa. Ko haƙoran roba masu cirewa, biyu a jikin ɗan faranti mai kama da dasashi, waɗanda kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na dashe ba. Ba sa hana ƙashi janyewa, ba a gatsa rake da su, dole a cire su da dare a wanke. Amma suna rufe giɓi, suna hana haƙoran gefe karkatowa, kuma harshe da leɓe suna samun inda za su taɓa.

Ya dube ni. “Kawu, in sayar da babur ɗin?”

Na ce a'a, kuma har yau ina kan wannan. Babur ɗin shi ne abincinsa da na uwarsa da sadakinsa. Likita ma ta ƙarfafa ni da wata gaskiya mai ɗaci: saurin zaizayar ya riga ya wuce, abin da ke tafiya yanzu a hankali yake tafiya, don haka shekara ɗaya ko biyu nan gaba aikin ba zai bambanta sosai da na yau ba. Asarar gaggawa an riga an yi ta. Abin da ya rage masa shi ne ya riƙe bakinsa da tsabta, buroshi da man goge baki safe da dare, asuwakinsa kuma kada ya bari, ya shiga adashi, ya zo a natse. Aka cusa masa wani abu mai kama da ƙullu a baki aka ɗauki siffar haƙoransa, aka ɗora katin launuka a gefen fiƙarsa aka zaɓi wanda ya dace, aka ce ya dawo mako mai zuwa.

A hanyar komawa Alhaji bai yi magana ba har muka wuce Gwagwalada. Sai ya ce mahaifinsa ma haka ya ƙare, ƙishi da rama da zubar haƙori, aka ce sammu ne. A Kwaita aka tsaya, mai rake ya miƙo ta taga, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

Na zauna a Abaji har aka karɓo haƙoran. Da farko yaron ya ce kamar an sa masa cokali a baki, yawu yana taruwa, magana tana sarƙewa. Likita ta riga ta gaya masa haka za a yi, ya riƙa karatu da ƙarfi har harshe ya saba. Da asuba nakan jiyo shi a ɗakinsa yana maimaita surori a hankali, yana tsayawa a kan harafi yana sakewa. Takunkumin ya koma aljihu.

Kafin in tafi na roƙe shi ya kai ni inda 'yan acaba ke taruwa a bakin tasha. Shugabansu ya ba ni benci, aka kashe injuna. Na faɗa musu abin da likita ta faɗa game da haƙorin da ya fita, yaron kuma ya cire na robarsa ya nuna musu giɓin, ya ce ga abin da naɗe haƙori a takarda ya jawo masa. Na ƙirga masu giɓi a cikinsu da ido, ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Na kuma ce musu hular kwano mai buɗaɗɗiyar fuska tana kare ƙoƙon kai ne kawai, mai rufe haɓa ita ce ke kare baki. Wani ya ce zafi ne ke hana su sa ta. Wani ya ce tsada.

Tambayoyi suka yi ta zuwa. Ɗaya ya ce idan babu madara a kusa fa, ruwan leda ya yi? Na ce ruwa na ɗauraya ne kawai, idan haƙori ya daɗe a ciki zaruruwan suna lalacewa, yawu ya fi shi. Wani ya ce daga nan zuwa Gwagwalada ai sa'ar ta cika kafin a isa. Na ce shi ya sa mayar da shi raminsa a wurin da abin ya faru ya fi komai, matuƙar mutumin yana cikin hayyacinsa, idan kuwa ya suma kada a sa masa komai a baki. Wani dattijo a cikinsu ya ce jikansa ya faɗi a makaranta haƙori ya fita, shi ma a mayar? Na tambayi shekarun yaron, ya ce huɗu. Na ce wannan haƙorin nono ne, ba a mayar da shi, domin ana iya raunata na dindindin da ke tahowa a ƙarƙashinsa, a dai kai shi a duba. Shugaban ya sa sakatarensu ya rubuta duka a bayan littafin karɓar kuɗin ƙungiya, ya ce za a karanta wa waɗanda ba su nan a taronsu na gaba.